Darasin Kimiyya: Jan Kaya da Fetur, da Lantarki, da Haɗin Biyun

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan jan kaya ne, wato a ɗaura wa mota wani abu a gindi, ko tirela, ko tankin ruwa mai taya, ko wata motar da ta mace a hanya, ta fizge shi ta yi gaba. Mazaunin kudancin kogin Kaduna ba sai an zana masa wannan a allo ba. Daga Kakuri, inda aka buɗe tashar jiragen ruwa ta kan tudu a watan Janairun 2018, zuwa masana'antun Kudenda, zuwa hanyar Kachia inda tankoki kan yi layi kusa da matatar man da aka ƙaddamar a 1980, rabin abin da ke motsi a titi janyo shi ake yi. A Kakurin nan ne kuma kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, a-kori-kurarsa ta kwashe shekaru tana ɗawainiyar manoma da 'yan kasuwar Arewa.

Yanzu a-kori-kura ta kasu uku a kasuwar duniya. Akwai mai ƙona fetur ko gas, wadda muka sani. Akwai mai batir zalla, ba tanki ba salansa. Akwai kuma mai haɗa biyun, wadda ake kira haibirid. Tambayar ita ce: in an ɗaura wa kowacce kaya, wacce ta fi? Za ku ga tambayar biyu ce a dunƙule. Ɗaya, wa ya fi ƙarfin fizga? Biyu, wa ya fi guzurin tafiya? Amsoshin ba ɗaya ba ne, kuma yawancin gardamar da ake yi a bakin gareji daga cakuɗa su take tasowa.

Abin da ke riƙe mota baya

Kafin mu buɗe bonet, sai mu san abokan gabar injin. Su huɗu ne.

Na farko gogayyar taya da kwalta. Duk juyin da taya ta yi, ɓangaren da ya taɓa ƙasa yana lotsewa sannan ya miƙe, wannan lotsewar tana cin ƙarfi ta mai da shi zafi. Shi ya sa tayar da ta sha tafiya take da ɗumi. A kan kwalta mai kyau, turin da ake bukata don shawo kan wannan gogayya kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na nauyin motar. Mota da tirela masu kilo 5,000 a haɗe suna neman turi daidai da nauyin kilo 50. A kimiyyance da niyuton ake auna ƙarfi, niyuton goma kuwa kusan nauyin kilo ɗaya ne, saboda haka ku rubuta niyuton 500. A hanyar burji, ko in iskar taya ta yi ƙasa, adadin yana iya ninkawa.

Na biyu hawa. Makamashin da ake kashewa wajen ɗaga abu shi ne nauyinsa, sau 9.8, sau tsayin da aka ɗaga shi. Kilo 5,000 da suka hau tudun mita 100 sun ci jul miliyan 4.9. Domin mu samu ma'aunin da kowa ya sani, mu koma ga yunit ɗin wutar da kuke saya a mita: yunit ɗaya, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda, jul miliyan 3.6 ne. Ashe hawan nan ya ci yunit 1.4. Kaduna tana kusan mita 600 sama da teku, Jos kusan mita 1,200, don haka hawan da ke tsakaninsu yunit takwas ne da 'yan kai. Bai kai yadda ake zato ba. Illarsa ita ce a dunƙule ake biyansa, cikin 'yan mintuna, lokacin da inji ke gurnani allurar zafi tana hawa.

Na uku tashi daga tsaye. Wannan za mu dawo kansa.

Na huɗu iska, kuma a nan nake so ku natsu, don ita ce direbobi suka fi rainawa. Turjiyar iska ta dogara da abu uku: faɗin fuskar abin da ke keta ta, da siffarsa, da gudunsa. Gudun kuwa sau kansa ake lissafa shi. In ka ninka gudu sau biyu, turjiyar ta ninka sau huɗu, ƙarfin da inji zai riƙa fitarwa a kowace daƙiƙa ya ninka sau takwas. Ku gwada da kanku bayan an tashi. Mutum ɗaya ya ɗauki falankin silin a ka, a kwance, ya ruga daga wannan bangon fili zuwa wancan. Sannan ya riƙe shi a tsaye a gabansa ya sake rugawa. Nauyin falankin bai ƙaru da ko giram ɗaya ba, amma a karo na biyu zai ji ƙirjinsa na neman tsagewa, ƙafarsa tana gaba falankin yana mai da shi baya. Haka tirela mai dogon akwati take yi wa mota. A babbar hanya, tirelar da aka shimfiɗa wa rodi tan biyu ta fi sauƙin ja a kan wadda aka yi wa tsirin katifu da ba su kai rabin tan ba.

Ƙarfin murɗawa

Abin da inji ke bai wa taya murɗawa ce. Ku tuna sifana da noti: ƙarfin hannunka sau tsawon sifanar, shi ne ƙarfin murɗawa, ana auna shi da niyuton-mita. Bakanike in noti ya ƙi, sai ya zura wa sifanar bututu ya ƙara mata tsawo. Giya ita ce bututun mota.

Injin fetur bugu huɗu yake yi: fistin ya shaƙi iska da mai, ya matse su, fulogi ya kunna su su fashe, sannan a kori hayaƙi. Cikin huɗun nan ɗaya ne kawai ke turi. Saboda haka injin ba ya iya komai yana tsaye, sai an fara juya shi da kik, kuma in juyinsa ya yi ƙasa da silo, wajen 700 zuwa 800 a minti, sai ya shaƙe ya mutu. Cikakken ƙarfinsa yana can sama. Injin fetur mai lita 2.7 na Toyota Hilux, wanda ya cika titunanmu, yana ba da kimanin niyuton-mita 245, amma sai ya kai juyi wajen 4,000 a minti. To ga matsala: inji yana son gudu, taya kuwa a tsaye take da tan biyar a kanta. Kuloci ne ke sasanta su, ta hanyar zamewa har gudun biyun ya daidaita. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da a-kori-kura mai jan kaya a cunkoson Sabon Tasha ya san ƙaurin nan mai hawa kai da ke fitowa daga ƙarƙashinta in direba ya daɗe yana wasa da ƙafar hagu. Faifan kuloci ne ke ƙonewa.

Injin lantarki ba shi da wannan lalura. Cikinsa wayar jan ƙarfe ce a nannaɗe da maganaɗisu. Da zarar wuta ta ratsa wayar, sai ta zama maganaɗisu ita ma, su biyun su shiga ja da turi, sandar tsakiya ta juya. Ba ya bukatar ya fara gudu kafin ya yi ƙarfi. Cikakkiyar murɗawarsa tana nan tun daga juyin farko. Ba kuloci, ba silo, giya ɗaya ta isa. A-kori-kurar lantarki ta Ford F-150 Lightning, wadda ta shiga kasuwar Amurka a 2022, injinanta biyu suna ba da kimanin niyuton-mita 1,050, kuma kamfanin ya amince mata ta ja har kilo 4,500. Kada ku ce ta ninka Hilux sau huɗu, domin giyar farko ta Hilux da ta gindi suna ninka ƙarfin injinta sau goma sha wani abu kafin ya isa taya. Bambancin yana wajen sauƙi: mai lantarki tana tashi da kaya sumul, ba kuka ba ƙauri. Nauyinta ma, wanda ya kusa tan uku, yana ƙasa-ƙasa saboda batirin a shimfiɗe yake tsakanin tayoyi, don haka tirela ba ta saurin kaɗa ta.

A tambaya ta farko dai lantarki ya ci, babu ja.

Guzuri

Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashi kusan yunit tara. Tankin Hilux lita 80 yake ci, wato yunit 700 da ɗoriya, kuma man da ke ciki bai wuce kilo 60 ba. Babban batirin Lightning yunit 131 yake riƙewa, nauyinsa kuwa wajen kilo 800.

Wani zai ɗaga hannu ya ce, Malam, in haka ne ai ba a ma fara gasar ba. Dakata tukuna. Injin fetur almubazzari ne. Cikin kowane yunit goma da ya ƙona, biyu da rabi zuwa uku ne ke isa taya. Sauran zafi ne, wani ya bi salansa wani ya bi lagireto. Mafi ingancin injinan fetur da ake ƙerawa yau da ƙyar suke haura kashi 40 cikin ɗari, su ma a wani takamaiman juyi. Injin gas ya ɗan fi, shi ya sa manyan tireloli suka riƙe shi. Injin lantarki kuwa kusan tara cikin goma yake isarwa. In muka cire asara, tankin Hilux ya koma yunit 200 ko sama kaɗan na aiki, batirin Lightning ya koma wajen 118. Tazarar ta ragu ƙwarai, amma har yanzu kilo 60 na mai sun yi kusan ninki biyu na aikin kilo 800 na batir.

Mu yi lissafi

Ku fito da littattafanku. Za mu ɗauki a-kori-kura mai kilo 2,500, mu tashi daga Kakuri, mu bi ta Gonin Gora zuwa Abuja, tafiyar kusan kilomita 190, a gudun kilomita 100 cikin awa. Alƙaluman da zan bayar na misali ne, an daidaita su don lissafi ya yi sauƙi, amma suna kusa da na motocin gaske.

Motar ita kaɗai: gogayyar taya niyuton 250, iska wajen 640, jimla 890. Aiki shi ne ƙarfi sau nisa. A kilomita 100, wato mita 100,000, ya zama jul miliyan 89, ko yunit 25.

Yanzu mu ɗaura mata tirela mai akwati, kilo 2,500, wadda ta ɗara motar tsayi da faɗi. Gogayyar taya ta koma 500. Iska kuwa ta yi tsalle zuwa 1,700. Jimla 2,200, wato yunit 61 a kowane kilomita 100. Ku lura da kyau: nauyi ya ƙara niyuton 250 kacal, iska ta ƙara fiye da dubu.

Mai lantarki, bayan an sa asararta ta kashi goma, za ta sha yunit 27 ita kaɗai, 68 da tirela. Ku raba 131 da waɗannan. Ita kaɗai za ta yi kusan kilomita 480. Da tirela, 190. Wato za ta shiga Abuja batir na numfashin ƙarshe, in ba a kunna na'urar sanyi ba, in iska ba ta taso ta gaba ba. Ba direba mai hankali da zai yarda da wannan. Kuma ba a allo kaɗai abin yake ba. A 2022 mujallar Car and Driver ta Amurka ta ɗaura wa Lightning tirelar kwana mai kusan kilo 2,770, ta kora ta a gudun kilomita 113, motar ta yi wajen kilomita 160 kacal, alhali a takarda tana yin wajen 480.

Mai fetur fa? Ita kaɗai, in muka ce kashi 25 take isarwa, lita 11 za ta sha a kilomita 100. Da tirela, lita 23. Ga wani abin mamaki a nan. Aikin ya ninka sau biyu da rabi, amma shan man sau biyu kawai ya ninka. Dalili kuwa, injin fetur ya fi inganci in an danne shi da aiki: totur a buɗe, iska na shiga ba tare da an maƙure ta ba, sai kashi 25 ɗin ya haura zuwa 30. Ɓarnar da yake yi lokacin da ba shi da kaya ita ce rarar da yake ci in kaya sun zo. Injin lantarki ba shi da irin wannan rara, tun farko bai ɓarnatar ba, don haka duk abin da aka ƙara masa kai tsaye daga batir yake fita. Da lita 80, mai fetur za ta yi kusan kilomita 350 da tirela, ta tsaya gidan mai minti biyar, ta ƙara gaba.

Kafin ku rufe littafin, ku sake lissafin a gudun kilomita 70. Iska ta faɗo daga 1,700 zuwa 830, jimla ta koma 1,330, mai lantarki ta sha yunit 41 maimakon 68, nisanta ya tashi daga 190 zuwa kusan 320. Ba a taɓa batir ba, ba a sauke kaya ba, ƙafa kawai aka ɗaga daga totur. Wannan ka'ida ba ruwanta da irin inji. Direban tanka da ke taka wuta a hanyar Abuja yana kukan tsadar gas, rabin kukan ƙafarsa ce ta jawo.

Cikin gari labari ya canza

Mu koma ga abokin gaba na uku. Abin da ke gudu yana ɗauke da makamashi: rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa. Kilo 5,000 a gudun kilomita 60 suna riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na yunit. In mai fetur ta taka birki, duk wannan zafi yake zama a faifan birki, iska ta kwashe. Sai a sake ƙona mai a sake tarawa, a sake zubarwa a mahaɗa ta gaba. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Kakuri da Kudenda, ko daga Barnawa ta Television zuwa Sabon Tasha, tana iya tsayawa sau hamsin kafin azahar. Yunit goma ke nan aka miƙa wa birki, kuma sai da aka ƙona wajen lita huɗu kafin a same su, ban da wanda silo ya sha a cunkoso.

Injin lantarki da janareta abu ɗaya ne. Ka ba shi wuta ya juya taya. Taya ta juya shi ya ba ka wuta. Saboda haka in direba ya ɗaga ƙafa, injin ya zama janareta, ya riƙe motar, wutar ta koma batir. Akan ceto fiye da rabin abin da da birki zai ƙona. A gangare ma haka, kuma birki ba ya zafi ya saki, wanda shi ne ajalin manyan motoci da yawa a gangaren Jos. A ƙasar Suwizalan, tun 2018 wani kamfanin siminti yake aiki da wata ƙatuwar tifar lantarki da ake kira eDumper, mai tan 45, wadda ke hawa dutse wayam ta sauko da tan 65 na duwatsu. Da yake ta fi nauyi a saukowa, wutar da take tarawa a gangare tana biyan mafi yawan abin da ta kashe a hawa. A Sin ma manyan motocin lantarki a gajerun hanyoyi suka fara kafuwa, tsakanin tashoshin ruwa da ma'adinai da masana'antun ƙarfe, wasunsu ba sa ma jiran caji, cire batirin ake yi a sa cikakke cikin 'yan mintuna.

A ganina, in lantarki zai shiga harkar jan kaya a Kaduna, ta wannan ƙofar zai shiga: kwantena daga tashar Kakuri zuwa sito, kaya daga masana'anta zuwa kasuwa, mota ta kwana gida ɗaya kullum a jona ta.

Haibirid, da abin da kan jirgi ya daɗe da sani

Haibirid iri-iri ce, kuma a harkar jan kaya bambancinsu babba ne.

Nau'in farko shi ne wanda Toyota ta yaɗa da Prius tun 1997: injin fetur ne mai gida, ga ɗan injin lantarki da ƙaramin batir suna taya shi. Ford F-150 PowerBoost ta 2021 misali ce. Injinta na lantarki kilowat 35 ne, batirin yunit ɗaya da rabi kacal. Ku raba ku gani: ko da za a iya tatse batirin tas, minti uku bai cika ba. Aikinsa irin na yaron da ke taya mai kura turi ne a bakin gada. Ya kama masa ya haura, ya sake shi, ragowar tafiyar ta mai kura ce. Cikin gari wannan taimako yana rage shan mai sosai, don a kai a kai ake tsayawa batirin ya cika. A doguwar hanya da tirela kuwa ba birkin da zai cika shi, sai motar ta koma ta fetur zalla mai ɗauke da ƙarin nauyi. Wanda ya saye ta don jan kaya zuwa Kano yana sa ran rabin mai, zai sha mamaki. Sai dai tana da wata baiwa da za ta yi kasuwa a nan: akwai soket a bayanta da ke ba da wuta har kilowat 7.2, abin da zai riƙe injin walda ko gida guda.

Nau'i na biyu ya juya tsarin. Injin lantarki ne ke juya taya, injin mai kuwa babban aikinsa juya janareta. Wannan ba baƙo ba ne a kudancin Kaduna. Ku je tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan ya haɗu da na Legas zuwa Kano tun 1927, ko ku je Rigasa ku dubi kan jirgin da ke jan taragun Abuja tun 2016. Ana ce masa mai gas, amma injin gas ɗin ba ya taɓa ƙafafun jirgin. Janareta yake juyawa, wutar ta bi waya zuwa injinan lantarki da ke maƙale a jikin ƙafafun. Injiniyoyi sun zaɓi haka ne don babu kulocin da zai tayar da ɗaruruwan tan daga tsaye bai narke ba. Sun ɗauki fizga daga lantarki, suka ɗauki guzuri daga mai. Abin da kan jirgi ya rasa shi ne batirin ajiya: in ya riƙe kansa da injinansa a gangare, wutar da ta fito a wasu wayoyi ake ƙona ta, fanka ta hure zafin. Ku ƙara da cewa ƙarfe a kan ƙarfe gogayyarsa kusan kashi ɗaya ce cikin goma na ta taya a kan kwalta, za ku gane dalilin da ya sa kwantenar da ta zo Kakuri ta dogo ta fi wadda ta zo a bayan tirela arhar makamashi nesa ba kusa ba.

Wasu masu ƙera a-kori-kura yanzu wannan hanya suke komawa, tare da batir matsakaici da ake iya jonawa a gida. BYD Shark ta Sin, wadda ta fito a 2024, tana da injin fetur mai lita 1.5 da batir na wajen yunit 30, tana jan kilo 2,500. Yawancin lokaci lantarki ke tuƙa ta, injin man yana kama taya kai tsaye ne kawai in an miƙe hanya. Ford ma a ƙarshen 2025 ta sanar da daina ƙera Lightning mai batir zalla, ta ce wadda za ta gaje ta za ta zo da janareta a ciki. Ka'idar da za ku riƙe game da irin wannan mota ita ce: in batir ya ƙare a tsakiyar hawa, ƙarfin janaretan ne iyakar ƙarfinta. Lissafinmu ya nuna tirela a gudun 100 tana cin kilowat 61 ba tsayawa, a shimfiɗaɗɗiyar hanya ma ke nan.

Caji, kuɗi, zafi

Famfon gidan mai da ke zuba lita 30 a minti yana zuba makamashin yunit 270 ne a minti ɗaya. Soket ɗin ɗakinku kilowat uku yake bayarwa, saboda haka cika batir mai yunit 131 zai ci awa 44, in wuta ba ta ɗauke ba. Na'urar caji ta gida mai kilowat bakwai, awa 19. Na'urar gaggawa mai kilowat 150 tana kai shi kashi 80 cikin kusan minti arba'in, amma ita kaɗai tana neman wutar da ƙaramar taransifomar unguwa ke ɗauka. Sola? Faifai mai wat 500 yana ba da yunit biyu ko sama kaɗan a yini a ranar Kaduna, ƙasa da haka in hazon hunturu ya rufe ko damina ta yi nisa. Faifai sittin ke nan don cika batir ɗaya a rana ɗaya. Masana'anta mai faffaɗan rufi za ta iya, mai mota ɗaya a gidan haya ba zai iya ba. Caji da ƙaramin janaretan fetur kuwa asara ce a kan asara, gara a zuba man a mota.

Batun kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 kuma aka mai da yunit naira 225 ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20. Mu yi aiki da waɗannan. A kilomita 100 da tirela, lita 23 a naira 1,000 ta kama 23,000. Yunit 68, da asarar caji ya zama 75, ya kama kusan 17,000. Akwai sauƙi, amma ba mai yawa ba, kuma kuɗin sayen motar zai haɗiye shi. Cikin gari ne tazarar ke buɗewa sosai, ga shi ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba kuloci.

Zafi kuwa kowa yana taɓawa. A Amurka, kafin kamfani ya rubuta nauyin da motarsa ke ja, sai ta haye wani dogon tudu kusa da madatsar Davis a jihar Arizona, kilomita 18 na hawa, a zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyi a kunne. Zafin Maris da Afrilu ke nan a wajenmu. Mai fetur lagiretonta da man giyarta ke tafasa. Mai lantarki ba ta tafasa a gan ta, kwamfutarta ce ke rage ƙarfi a hankali don ta kare batir, wanda ya fi son digiri 20 zuwa 35, kuma zafi mai ɗorewa yana rage masa kwana.

Gargaɗi biyu ga waɗanda iyayensu ko 'yan'uwansu ke sana'ar mota. Motar lantarki ko haibirid da ta mace ba a ɗaura mata igiya ko sarƙa a ja ta tayoyin da ke da inji suna ƙasa, yadda aka saba yi wa Golf. Tayar na juyawa injin na haifar da wuta, ba inda za ta, sai ta ƙona kayan ciki. Janwe mai shimfiɗa ake nema a ɗora ta gaba ɗaya. Na biyu, duk wayar da aka yi wa ruwan lemo a jikin irin wannan mota ɗaruruwan bolt take ɗauka, a wasu har 400 ko fiye. Ba ta batirin bolt 12 ba ce da yaron gareji ke gwadawa da sifana ya ga tartsatsi.

Aikin gida

Wani kamfani a Kudenda yana da hanya biyu. Ta farko, sawu shida kullum zuwa tashar Kakuri, kowane sawu kilomita 20 zuwa da dawowa, gudu bai wuce 50 ba, ana tsayawa sau goma sha biyar a kowane sawu. Ta biyu, sawu ɗaya zuwa Kano, kilomita 230, a gudun 90. Nauyin mota da tirela kilo 5,000 ne, turjiyar iska niyuton 1,700 a gudun 100. Ku fara da nemo turjiyar iska a gudun 50 da 90, kuna tuna cewa gudu sau kansa ake lissafawa. Daga nan ku fitar da yunit ɗin da kowace hanya ke ci a yini, ku faɗi wace mota cikin ukun za ku ba kowace hanya, da hujjarku a lissafe. Wanda ya gama ya ƙara da wannan: in an rage tsayin akwatin tirelar har turjiyar iska ta ragu da kashi ɗaya cikin uku, shin batir mai yunit 131 zai kai Kano ba tare da tsayawa ba? A kawo ranar Litinin.